Ranar da Na'ura ta Tambayi Mamaci

Akwai wani injiniyan kwamfuta, mai kaifin ƙwaƙwalwa da saurin hannu, wanda ya gaji aiki daga hannun mamaci.

Aikin wata manhaja ce da ƙananan asibitoci suke ajiye bayanan marasa lafiya a cikinta: suna, ranar haihuwa, ciwon da aka zo da shi, maganin da aka bayar, da maganin da jikin mutum ba ya ɗauka. Kyauta ce, kuma a buɗe take. Duk mai ilimin abin zai iya leƙa cikinta, ya gyara, ya ƙara. Babu mai karɓar albashi a kanta.

Wanda ya fara ta wani tsohon malamin lissafi ne, kowa yana kiransa Dattijo. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana riƙe da ita daga wani ɗaki a bayan gidansa. Tebur biyu ne a ɗakin, da fanka mai ƙara, da wata kujera da aka ɗaure ƙafarta da waya.

Dattijo yana da wata ɗabi'a. Yawancin masu amfani da manhajar ma'aikatan jinya ne a wurare masu nisa, ba su iya cike fom a intanet ba. Idan abu ya lalace, waya suke bugo masa. Shi kuma sai ya buɗe kundin da ake rubuta matsalolin manhajar, ya rubuta abin da suka faɗa kalma da kalma, har da gaisuwar, ya sa lambar wayarsu a ƙasa. Kuma ba ya rufe rahoto sai ya sake kiran mai shi ya ji daga bakinsa cewa abin ya gyaru.

Da ya rasu, masu taimakawa a aikin suka haɗu a kan Injiniya ya karɓa. Matar marigayin, wadda ake kira Malama, ta bar musu ɗakin. Ita ma tana cikin aikin, ita ce take rubuta littafin koyar da amfani da manhajar.

Wata biyar bayan rasuwar, Injiniya ya kira taro. Ya ce kundin matsalolin ya tsufa, dole a zaɓi sabo.

Gaskiya ya faɗa, ya tsufa. Kafin shafi ɗaya ya buɗe sai ka sha ruwa ka dawo.

Biyu aka kawo. Na farko mai kyan gani ne, da launuka da zanen da ke nuna ci gaban aiki. Sai mutum ya yi rajista kafin ya kai ƙara, sannan ya cike gurabe goma sha biyu. Yana kuma da wani ɗan aike na na'ura a ciki: duk rahoton da ya yi kwana casa'in babu motsi, sai ya aika wa mai shi tambaya ko matsalar tana nan. Idan aka yi mako biyu babu amsa, ya rufe.

Na biyu ba shi da ado ko kaɗan. Amma yana karɓar ƙara ta imel ko ta saƙon waya, kuma babu abin da yake rufewa sai mutum ya sa hannu.

Abokin Injiniya, wani mai barkwanci da ake kira Dogo, ya dubi na biyun ya kwashe da dariya.

"Wannan ai da shi da na Dattijo uwa ɗaya uba ɗaya. Sai dai shi wannan ya yi wanka."

Aka yi dariya. Malama ba ta yi ba. Ta gyara tabarau ta ce, "Ɗana, ni tambaya ɗaya gare ni. Nas ɗin da take can inda sabis sai an hau tudu, ta yaya za ta cike gurabe goma sha biyu?"

"Mama, za ta koya," in ji Injiniya. "Dubi abin da muke da shi yanzu." Ya buɗe wani tsohon rahoto ya karanta da ƙarfi. "'Ina kwana, yaya iyali, yaya jikin Malama.' Wannan rahoto ne ko wasiƙar gida? Manyan ayyuka na duniya ba haka suke yi ba. Idan muna so ƙwararru su shigo su taya mu, dole gidanmu ya yi tsabta."

"Masu tsabtar ne suke amfani da ita, ko masu gaisuwar?"

"Mama, a bar wannan fannin a hannunmu."

Ya faɗe shi da murmushi, da ladabi ma. Amma kowa ya ji abin da yake nufi. Aka ƙirga hannu. Mutum tara suka bi shi, Malama ita kaɗai. Dogo ya laƙaba wa ɗan aiken suna Mai Shara, sunan kuwa ya bi shi.

Ranar Asabar aka kwashe tsofaffin rahotanni zuwa sabon wuri. Aikin ya tafi lafiya. Abu ɗaya ne babu wanda ya tsaya ya lura da shi. Duk rahoton da Dattijo ya rubuta a madadin wani, da sunansa ya shiga. A wurin na'ura, shi ne mai ƙarar.

Litinin da safe Injiniya yana shan shayi a wurin aikinsa, sai wayarsa ta yi ƙara. Ta sake yi. Ta ci gaba da yi har tana zamewa a kan tebur.

Ya ɗauka ya duba. Sunan Dattijo ne a kan saƙon. Na ƙasansa ma haka. Ya ja shafin ƙasa, ya ja, ya ja, suna ɗaya ne har ƙarshe.

Ya buɗe na farko.

"Ina asibiti na 'yan kwanaki. In na fito zan duba, da yardar Allah. Don Allah kada a rufe."

Ya san abin da ya faru, ai sana'arsa ce. Mai Shara ya fara aiki, ya aika wa mai kowane rahoto tambaya. Dattijo kuma ya saita imel ɗinsa ya riƙa ba da wannan amsa tun ranar da aka kwantar da shi, babu wanda ya kashe ta. Na'ura ce ta tambayi na'ura. Duk da haka ya ture shayin gefe, bai ƙarasa ba.

Saƙo ɗari biyu da goma sha huɗu.

Kafin ya ajiye wayar, Malama ta kira. Muryarta a kwance take, kamar kullum.

"Ɗana, wayar marigayi tana cikin aljihun tebur. Ina sa mata caji, ban san dalili ba. Tun safe take kuka. Me kuke tambayarsa?"

"Mama, yi haƙuri. Na'ura ce, ba ta san..."

"Na san ba ta sani ba. Kai ka sani. Mutanen da suka kawo ƙararrakin nan suna raye, lambobinsu suna ƙasan kowane rahoto. Ka dakatar da abin nan, ni zan kira su ɗaya bayan ɗaya. Ina da lokaci."

"Idan muka fara haka, ai mun koma gidan jiya. Yawancinsu an daɗe da gyara su."



"To ka duba guda ɗaya. Na tagwaye. Wata Sista ce, ma'aikaciyar jinya, ta kawo shi. Da shi ya shiga asibiti a ransa, har a kan gado yana cewa bai gano bakin zaren ba. Ta ce manhajar tana haɗe fayil ɗin tagwaye ya zama ɗaya, abin da aka rubuta wa na biyun ya ɓace. Ka san abin da ake rubutawa a fayil ɗin yaro."

Ya yi mata alkawari zai duba, kuma ya duba. Rahoton dogo ne. Ya fara da gaisuwa, ya bi ta kan ruwan sama da ya lalata hanya, da kwana uku da suka yi babu sabis, da janareto da ya ƙi tashi. Injiniya ya tsallake duk wannan, ya je kan maganar tagwayen. Ya ƙirƙiri yara biyu a kwamfutarsa, uwa ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Fayil biyu suka fito, kowanne daban. Ya sake gwadawa. Haka dai.

"Sistar ce ta danna wani abu," ya ce wa Dogo. "Minti goma na ba shi, ya isa."

Mako biyu suka cika. Da safe Mai Shara ya rufe su duka, domin ba ya ƙirga amsar da na'ura ta bayar a matsayin amsa. Zanen da ke kan allo, wanda yake ja tun ranar farko, ya koma kore. Dogo ya ɗauki hotonsa ya tura wa kowa.

Da suka fitar da sabon zubin manhajar, Injiniya da kansa ya rubuta sanarwar da za ta bayyana a kowace kwamfuta idan aka sabunta: "An rufe rahotannin matsala 214." Bai yi ƙarya ba. Ya dai san yadda za a karanta shi.

Aiki ya yi kyau bayan nan. Sababbin ƙwararru suka shigo daga ƙasashe daban-daban. Aka gayyaci Injiniya ya yi jawabi a wani taro. Ƙorafi daga asibitoci ya ragu har ya kusa ƙarewa, shi kuma ya ɗauka alamar nasara ce.

Amma bai goge saƙonnin nan ba. Sau uku yana zaɓar su duka, ya kai yatsa, ya fasa. Idan ya nemi wani abu a imel ɗinsa, sai ɗaya daga cikinsu ya faɗo a tsakiyar sakamakon. Don Allah kada a rufe. Ranar Asabar idan ya shiga ɗakin bayan gida, ya daina kallon ɓangaren kujerar mai waya. Wata rana fanka ta kaɗa wata takarda a kan teburin marigayin, ya juya da sauri har ya ture kofi.

Matarsa ta lura. "Abban yara, wai wa kake nema a wayar nan? Ka buɗe, ka rufe, ka yi tsaki. Ko budurwa ce ta ƙi amsawa?"

"Aiki ne."

"To aikin nan ya rame da kai."

Malama ba ta sake tayar da maganar ba. Tana kawo musu ruwa, tana gyara littafinta. Shirun nata ya fi masa nauyi fiye da faɗa.

Wata bakwai suka wuce.

Wata Asabar da hantsi, suna cikin aiki, Malama ta shigo da baƙuwa. Mace ce mai kimanin shekara hamsin, da farin takalmi da ya sha ƙura, da jaka a hammata. Malama ta ja mata kujerar mai waya. Babu wanda ya zauna a kanta tun rasuwar.

"Wannan ce Sista," in ji Malama. "Tun asuba take hanya."

Sista ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta dubi Injiniya.

"Kai ne ka rubuta cewa an gyara?"

"Na rubuta an rufe..."

"Ni ban san bambancin ba, Injiniya. Ni allura na iya."

Ta ciro wani ƙaramin littafi mai baƙin bango ta ajiye a kan tebur.

"Tun ranar da na gaya wa Dattijo, ya ce in riƙa rubuta duk tagwayen da suka zo a nan, kafin ya gyara. Haka nake yi. Da na ji rasuwarsa, na so in tambaya a sabon wurin naku. Aka ce in yi rajista. Na yi. Aka ce in faɗi irin injin da ke cikin kwamfutar da lambar zubi da wani abu da ban taɓa ji ba. Ga marasa lafiya a layi. Na bari. Sai ga sanarwarku. Na ce alhamdu lillahi, yaran Dattijo sun cika masa alkawari. Na sa littafin a durowa."

Dogo ya sauke ƙafarsa daga kan tebur.

"Akwai wasu 'yan biyu mata, shekararsu huɗu. Ƙaramar jikinta ba ya ɗaukar wata allura, ta taɓa kumbura a hannuna. Ni na rubuta gargaɗin a fayil ɗinta da jan rubutu. Mako uku da suka wuce na tafi hutu. Aka kawo ta da ciwon ƙirji. Wanda ya riƙe mini wurin ya buɗe fayil, ya ga babu gargaɗi. Ya yi abin da aka koya masa, ya yi mata allurar."

Fankar tana ta ƙara.

"Kafin a samu mota, yarinyar ta cika."

Malama ta yi salati a hankali.

"Na gwada," in ji Injiniya. "Wallahi na gwada, bai yi ba."

"Da sabis ka gwada?"

"Eh."

"Ai na faɗa a ciki. Sai an rubuta su ranar da babu sabis, sannan sabis ya dawo. A farkon maganar na faɗa."

Ya buɗe rahoton. Yana nan, layi na huɗu, tsakanin ruwan sama da janareto. Ya zare wayar intanet daga kwamfutarsa, ya ƙirƙiri yara biyu, ya mayar da wayar. Suna kallo, fayil biyun suka zama ɗaya. Manhajar ta ɗauka mutum ɗaya aka rubuta sau biyu, ta riƙe bayanin na farko, ta zubar da gargaɗin na biyu.

Gyaran bai kai masa awa ɗaya ba. Wannan ne abin da ya kasa yafe wa kansa.

Da ya gama, Sista ta ce, "Saura abu ɗaya. Da na rubuta rasuwar, fayil ɗaya ne. Yanzu a na'urarku su biyun sun mutu. Babbar kuwa tana gida tana wasa. Jiya aka kawo ta da tari, kwamfuta ta ƙi karɓar ta."

A ranar ya kashe Mai Shara. Ya sake buɗe rahotanni ɗari biyu da goma sha huɗu. Ya rubuta wa duk masu aikin abin da ya faru, bai ɓoye sunansa a cikin "mu" ba. Ya ce a koma ga kundi na biyu, marar adon. Mutum biyu daga cikin ƙwararrun suka ce wannan koma baya ne, suka fita. Bai roƙe su ba. Shi da Malama da Dogo suka raba lambobin wayar kashi uku. A cikin mako guda suka gano wasu asibitoci huɗu masu fayil ɗin tagwaye a haɗe, aka raba su tun ba a yi ɓarna ba.

Fayil ɗin 'yan matan nan kuwa ba ya rabuwa daga nesa. Zuwa asibiti sau talatin da ɗaya ne a ciki, a cakuɗe, babu mai iya cewa wanne na wacce ne sai mutum ɗaya.

Ya bi Sista ya tafi.

Gidan su 'yan biyun ɗaki biyu ne da ɗan fili, da igiyar shanya. Uwar tela ce, ta ture keken ɗinkinta gefe ta ba su wuri. Ya yi mata ta'aziyya, ta amsa. Wata yarinya ta leƙo daga bayan labule, ta dube shi, ta koma.

"Kai ne mai kwamfutar?" in ji uwar.

"Ni ne."

"Sista ta ce an gaya muku tun da daɗewa."

Ya shirya bayani a mota, mai tsawo. Bai samu ko kalma ɗaya daga ciki ba.

"An gaya mana. Ni ne ban karanta ba."

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

"To me kake so in yi maka?"

Ya buɗe kwamfutar a kan gwiwarsa, ya ce zai riƙa karanto mata kowane zuwa, ita kuma ta faɗi wacce aka kawo.

"Zazzaɓi, suna da wata biyar."

"Babbar."

"Ƙuna a hannun hagu."

"Ƙaramar. Dutsen guga ta taɓa. Ba ta jin magana."

"Ciwon kunne."

"Ƙaramar. Ta hana mu barci kwana biyu, yayarta kuwa ko motsi."

Ba ta yi jinkiri a ko ɗaya ba. Wani lokaci ta ƙara da rigar da yarinyar ta saka, ko abin da ta ce wa Sista. Da farko yana rubuta sunan kawai. Daga baya ya ga yatsunsa suna rubuta duk abin da take faɗa, har da rigar.

Yarinyar ta fito daga bayan labule, ta zo ta tsaya a gefensa tana kallon allon. Ya ji numfashinta a kan hannunsa. Bai iya juyawa ya dubi fuskarta ba, domin ya san fuskar wa zai gani.

Suka kai na ƙarshe. Ciwon ƙirji. Bai karanta shi da ƙarfi ba. Ya mayar da shi inda ya dace, ya danna. Fayil ɗin ya rabu biyu.

Uwar ta matso ta duba, ko da yake ba ta san abin da take kallo ba.

"Yanzu kowacce tana da nata?"

"Eh."

Ta ɗora hannu a kan yarinyar.

"To wannan ka rubuta tana raye. Ka rubuta da kyau, inda kowa zai gani."

Darasi: Duk ƙarar da ta zo hannunka, akwai mutum a bayanta, ko da bai iya tsara magana yadda kake so ba. Kada ka zaɓi tsarin da zai sa ka yi kyau a idon manya alhali ya toshe bakin masu dogaro da kai, kuma kada ka ɗauki shirunsu a matsayin lafiya. Rufe magana daban, gyara ta daban. Idan ka san wani mai riƙe da ƙorafin jama'a, a ofis ko a asibiti ko a gaban kwamfuta, tura masa wannan ya karanta har ƙarshe.